FASHIN BAƘI: Girman harsashi da kare kai: abin da bincike da doka suka ce wa mutanen Kano ta Kudu

Duk lokacin da labarin garkuwa da mutane ko satar shanu ya fito daga yankin dajin Falgore, muhawara ɗaya ce ke sake tasowa a majalisun hira da shafukan Facebook, daga Kwanar Ɗangora har zuwa Riruwai: shin lokaci bai yi ba da kowane magidanci zai nemi bindiga? Daga nan sai zancen ya gangara kan wace iri ce ta fi, kuma wane harsashi ne ke kwantar da mahari nan take. Mafi yawan amsoshin da ake bayarwa daga finafinai da bidiyoyin Amurka aka ɗebo su, ƙasar da dokokinta da irin barazanar da mutanenta ke fuskanta suka sha bamban da na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Hukumomin tsaro da likitoci sun shafe fiye da shekara 100 suna bincike kan wannan tambaya. Abin da suka gano shi ne, a cikin abubuwan da ke yanke hukuncin wanda zai tsira a musayar wuta, kaurin harsashin ƙaramar bindiga yana cikin mafi ƙarancin tasiri. A Najeriya kuma akwai katangar doka da mutum zai ci karo da ita tun kafin ya kai ga zancen harsashi.

Me lambobin da ake kira ke nufi?

Idan aka ce bindiga “mai milimita 9”, faɗin harsashinta ake nufi. Ƙasashen Turai da milimita suke awo, Amurka da Ingila kuma da inci. Harsashin da ake kira .45 faɗinsa ya kai kashi 45 cikin 100 na inci guda, wato kimanin milimita 11.4, shi kuwa .40 kimanin milimita 10 ne. Wani lokaci sunan yana ruɗarwa: harsashin .38 na libarba ainihin faɗinsa bai wuce milimita 9 da ɗan kaɗan ba. Idan lambobi biyu suka zo tare, kamar 9×19 ko 7.62×39, ta biyun tsawon kwanson da ke ɗauke da albarushi ce.

Faɗi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Harsashin 9×19 yana da nauyin kimanin giram 8, yana fita da gudun kusan mita 360 a daƙiƙa guda. Na .45 ya kusa ninka shi nauyi, kimanin giram 15, amma gudunsa bai wuce mita 260 ba. Idan aka lissafa, ƙarfin da kowannensu ke ɗauke da shi yana kusa da jul 500. Harsashin AK-47 kuwa, 7.62×39, ya fi su sirantaka, nauyinsa kuma daidai yake da na milimita 9, amma yana fita da gudun sama da mita 700, da ƙarfin kusan jul 2,000. Dalili shi ne idan gudu ya ninku sau biyu, ƙarfi sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka babban bambanci yana tsakanin ƙaramar bindiga da doguwa ne. Tazarar da ke tsakanin ƙananan bindigogi a junansu ba ta taka kara ta karya ba.

Daga ina muhawarar ta samo asali?

A farkon ƙarni na 20, lokacin da sojojin Amurka ke yaƙi da Musulman Moro a kudancin Filifin, sun yi ta kukan cewa harsashin .38 na libarbarsu ba ya tsayar da mayaƙan da ke afka musu da takubba. Wannan kuka ya kai ga gwaje-gwajen shekarar 1904, daga bisani kuma rundunar ta karɓi fistol mai harsashin .45 ƙirar John Browning a 1911. A Jamus kuwa, Georg Luger ya riga ya ƙera 9×19 tun farkon ƙarnin, wanda daga baya ya zama harsashin fistol na ƙawancen NATO. Sojojin Amurka su ma sun koma kansa a 1985.

Abin da ya fi girgiza muhawarar ya faru ne ranar 11 ga Afrilu, 1986, a Miami, inda jami’an hukumar FBI takwas suka yi arangama da ’yan fashin banki biyu. Tun a farkon musayar wutar, harsashi mai milimita 9 ya ratsa hannun ɗaya daga cikin ’yan fashin, Michael Platt, ya shiga ƙirjinsa, ya tsaya kimanin inci guda kafin zuciya. Raunin na mutuwa ne, amma Platt ya ci gaba da harbi da doguwar bindiga na wasu mintoci, har ya kashe jami’ai biyu. Wasu biyar sun jikkata kafin a kashe ’yan fashin.

FBI ta ɗora wani ɓangare na laifin kan harsashin. Ta kafa ƙa’idar cewa harsashin jami’anta dole ya iya nutsawa inci 12 zuwa 18, wato kimanin santimita 30 zuwa 46, a cikin wani daskararren abu da ake gwaji da shi a madadin tsokar mutum. Ta koma kan harsashi mai milimita 10, sai ya zamana bugun da bindigar ke yi baya ya fi ƙarfin jami’ai da yawa. Daga nan aka samar da .40 a 1990, ’yan sandan Amurka suka rungume shi. Bayan shekara 20 da ɗoriya, a 2014, sashen horaswa na FBI ya ba da shawarar a koma kan milimita 9. Hujjojinsa su ne ƙirar harsasai ta inganta, jami’ai sun fi samun abin da suka auna da shi, bindigar ta fi ɗaukar harsasai da yawa, kuma likitocin tiyata ba sa iya bambance raunin wannan da na wancan. Takardar ta fito fili ta kira batun “ƙarfin tsayarwa” na ƙaramar bindiga tatsuniya.

To me ke tsayar da mahari?

A fim, harsashi na ɗaga mutum ya jefar da shi baya. A zahiri hakan ba ya yiwuwa, domin duk bugun da zai iya kayar da wanda aka harba, kwatankwacinsa zai bugi mai harbin a hannu. Wata takarda da jami’in FBI Urey Patrick ya rubuta a 1989 ta bayyana cewa jiki ba ya tsayawa nan take sai in an taɓa ƙwaƙwalwa ko saman laka. In ba haka ba, zubar jini ce ke kayar da mutum, ita kuwa tana ɗaukar lokaci. Ko da zuciya ta daina aiki, iskar da ta rage a ƙwaƙwalwa na iya ba mutum daƙiƙa 10 zuwa 15 yana motsi da ganin damarsa. Daƙiƙun nan sun isa mai AK-47 ya juye duk harsasan da ke cikinta.

Mafi yawan waɗanda ke tsayawa bayan an harbe su, tsoro ne ko zafi ko firgicin ganin jini ke tsayar da su. Wannan kuwa bai dogara da faɗin harsashi ba, ya dogara ne da halin da maharin yake ciki. Wanda ya sha ƙwaya ko ya riga ya sadaukar da ransa ba lallai ne ya tsaya ba.

Akwai kuma matsalar samun abin da aka auna. Nazarin da cibiyar RAND ta yi kan ’yan sandan New York daga 1998 zuwa 2006 ya nuna cewa idan ana mayar musu da wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasansu ke samun wanda suka auna. Waɗannan mutane ne da ake biya albashi domin su yi atisaye. Sauran harsasan ba ɓacewa suke yi a iska ba, wani wuri suke sauka, kuma a gida mai ɗakuna kusa da juna ko kasuwar ƙauye, wannan wuri na iya zama jikin ɗan uwa.

Wani ɗan sanda mai horaswa a jihar Ohio, Greg Ellifritz, ya tattara bayanan harbe-harbe kusan 1,800 ya wallafa a 2011. Ya tarar cewa tsakanin milimita 9, .40 da .45 bambancin da ke akwai ƙalilan ne, yayin da dogayen bindigogi suka yi musu nisa.

Wannan ba ya nufin girman harsashi ba shi da wani tasiri. Masu bincike Anthony Braga da Philip Cook sun duba harbe-harben da aka yi a birnin Boston daga 2010 zuwa 2014, suka gano cewa wanda aka harba da matsakaicin harsashi ya fi wanda aka harba da ƙarami haɗarin mutuwa fiye da ninki biyu, wanda aka harba da babba kuma fiye da ninki huɗu. Sai dai kisa daban, tsayarwa daban. Babban harsashi na ƙara yiwuwar mutum ya mutu a hanyar asibiti, ba tare da ya ba da tabbacin zai daina harbi a daƙiƙun da mai kare kansa ke buƙata ba.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku.

Kaso na farko shi ne haramtattun bindigogi. A nan aka sa bindigogi masu sarrafa kansu, bama-bamai, dogayen bindigogin soja irin masu harsashin milimita 7.62, da kuma fistol da libarba kowace iri ce. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisin mallakar su. Ke nan a idon doka, ƙaramar bindigar da ake muhawara a kanta aji ɗaya take da AK-47, ko milimita 9 ce ko .45, ko ƙirar Italiya ce ko ta maƙerin ƙauye. Hukuncin mallakar ta ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne.

Kaso na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, da bindigar iska. Lasisinsu na hannun Sufeto Janar na ’Yan Sanda. Dokar ta cire masu sarrafa kansu da masu na’urar ɗura harsashi daga wannan kaso. A watan Agustan 2023, Kayode Egbetokun, wanda a lokacin yake riƙon muƙamin Sufeto Janar, ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisi saboda yawan makaman da ke hannun jama’a.

Kaso na uku shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka ko adaka da mafarauta suka gada. Waɗannan suna ƙarƙashin Kwamishinan ’Yan Sanda na jiha. Dokar ta kuma hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali a shekarun baya-bayan nan.

Kare kai kansa haƙƙi ne. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfin da ya zama dole domin kare rai ko dukiya, haka ma dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, daga sashe na 59 zuwa gaba. Amma an gindaya sharuɗɗa biyu masu nauyi: kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu wannan haƙƙi idan akwai sararin neman taimakon hukuma. Bugu da ƙari, samun hujjar kare kai ba ya wanke laifin mallakar makami. Mutum na iya kuɓuta daga tuhumar kisa, ya tafi gidan yari saboda bindigar da ya kare kansa da ita.

Yanayin Kano ta Kudu

Dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba’in kilomita 1,000, ya ratsa ƙananan hukumomin Doguwa, Tudun Wada da Sumaila, a yankin da Kano ke iyaka da Kaduna da Bauchi. Hanyar Kano zuwa Jos, wadda ke rabuwa da ta Zariya a Kwanar Ɗangora, ta cikinsa ta bi. Shekaru da dama dajin ya yi suna a matsayin maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, abin da ya sa a 2017 rundunar sojin ƙasa ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai ta mayar da shi filin atisaye. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta gina wa sojoji wurin horo a can, ta kuma kafa matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya da ke Kiru.

Yawancin binciken Amurka da aka ambata a sama an yi shi ne kan arangamar mutum ɗaya ko biyu, a tazarar ’yan taku, a birnin da motar asibiti ke isowa cikin mintoci. Hare-haren ’yan bindiga a Arewa maso Yamma ba haka suke ba. Maharan kan zo da yawa, a kan babura, galibi da dare, ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30 da ke iya samun mutum daga nisan mita 300. Fistol kuwa ko a hannun ƙwararre da wuya ta yi amfani bayan mita 50, a cikin duhu da firgici kuma tazarar ta fi haka gajarta sosai. Darasin Miami a nan ya fi fitowa: mutum ɗaya mai doguwar bindiga ya yi wa jami’ai takwas masu horo mummunar ɓarna. Sauya milimita 9 da .45 ba zai sauya wannan lissafi ba.

Bindigar toka, wadda ita ce ’yan sa-kai da mafarauta suka fi riƙewa, harbi ɗaya take yi sannan a tsaya ɗuri. Ba banza ba ake kiran ta harba-ruga. Amfaninta a ƙauyuka ya fi karkata ga ƙarar da ke tayar da gari da kuma sanar da mahara cewa ba a yi barci ba. Riƙe ta ma yana da nasa haɗarin idan aka bar gida. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta da ke kan hanyar komawa Kano, da yawansu daga ƙaramar hukumar Bunkure, bayan ’yan sintirin garin sun ga bindigogin farauta a motarsu.

Akwai kuma fuskar siyasa. Bayan zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, an yi tashin hankali a Tudun Wada, aka rasa rayuka, aka ƙona ofishin jam’iyyar NNPP. ’Yan sanda sun gurfanar da ɗan majalisar yankin, Alhassan Ado Doguwa, bisa tuhumar da ta haɗa da kisa da mallakar makami. Ya musanta, kuma a watan Mayun shekarar ma’aikatar shari’a ta jihar Kano ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ci gaba da shari’ar. Ko wane ɓangare mutum yake, abin da ya faru ya nuna cewa a yankin da zaɓe ke da zafi haka, makamin da aka ajiye domin ɓarayin daji na iya fitowa ranar tattara sakamako.

Me ya sa shugabanni ke cewa a nemi makami?

Kiran ba sabo ba ne. Janar T. Y. Danjuma ya yi shi a Jalingo a watan Maris na 2018. Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya yi irinsa a Jibiya a watan Agustan 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta umarci jama’a su nemi lasisin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya mayar da martani cewa gwamna ba shi da wannan iko. Makamai suna cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya, saboda haka furucin gwamna ba zai zama kariya ga kowa a gaban alƙali ba.

Masu goyon bayan kiran suna da hujja mai ƙarfi: idan hukuma ba ta zuwa sai bayan mahara sun tafi, hana talaka makami tamkar ɗaure shi ne a miƙa wa maƙiyinsa. Masu adawa kuma na nuni da cewa ƙarancin makami ba shi ne matsalar ba. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya. Wani bincike da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1993 ya gano cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin a kashe wani a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi ɗan gida ne ko makusanci ke yin kisan. Tarihin Zamfara ma ya nuna yadda kisan da ’yan sa-kai suka riƙa yi ba shari’a ya rura wutar ramuwar gayya. Gwamnatin tarayya a nata ɓangaren ta kafa cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka kuma ba ta dokar kanta a 2024.

Bayan an yi harbi

Tun da zubar jini ce ke kashe mafi yawan waɗanda aka harba, mintocin da ke biyo bayan harbi sun fi faɗin harsashin muhimmanci. Danna rauni da ƙarfi da tsumma mai tsabta ba tare da ɗagawa ba, da ɗaure hannu ko ƙafa tamau a saman raunin idan jini na tsartuwa, abubuwa ne da kowane ɗan sa-kai ko direban hanyar Falgore zai iya koya a yini guda.

Doka ma tana tare da wanda aka harba. Dokar tilasta kula da masu raunin bindiga, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Disambar 2017, ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin harbi nan take, ba tare da takardar ’yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da ’yan sanda cikin sa’a biyu da fara magani, kuma dokar ta hana a muzguna wa wanda ya taimaka ya kawo majinyacin. Mutane da yawa ba su san da ita ba, har yau wasu na ɓata lokaci a caji ofis da mai rauni a bayan mota.

Daga Doguwa zuwa manyan asibitocin birni, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala, tafiyar sa’o’i ce. Don haka tambayoyin da matasan mazaɓun Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa za su iya ajiyewa a gaban ’yan majalisarsu da shugabannin ƙananan hukumominsu a bayyane suke: minti nawa jami’an tsaro ke ɗauka kafin su isa ƙauyen da ya kira su; ƙauyuka nawa ne a bakin daji ba su da sabis ɗin waya; wa ke tantance ’yan sa-kai, wa ke biyan su, wa kuma ke hukunta su idan sun wuce gona da iri; sannan ko babban asibitin ƙaramar hukuma yana da jini a ajiye, da likitan da zai iya tiyata da tsakar dare, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki.